Churchill: wane wata ya kamata in je, kuma me zan gani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Winnipeg, na ɗan jima a Kanada amma ban taɓa fita wajen birni ba. Na tara ɗan abin da ba a rasa ba, kuma ina da hutun mako guda. Ina son in je Churchill in ga farin beyar, in ga beluga, in kuma ga hasken nan da ke fitowa a sararin sama da dare. Tafiya ɗaya za ta ishe ni? Ban da waɗannan, akwai wani abin yi a garin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Taura biyu ba ta taunuwa, kai kuma uku ka ɗauko. Abubuwan nan da ka lissafa kowanne da watansa. Farin beyar Oktoba da Nuwamba, beluga (wata farar babbar dabbar teku mai siffar kifi) Yuli da Agusta, hasken arewa Fabrairu da Maris. Don haka kafin ka tambayi kuɗin jirgi ko masauki, fara yanke wanne ne ya fi tsaya maka a rai, shi zai zaɓa maka wata. Akwai wani ɗan tsakani a cikin Agusta da mai rabo kan haɗa ukun, zan zo kansa, kuma shi nake ba ɗalibi irinka shawara.

Garin kansa, da ke arewacin lardin Manitoba, ƙarami ne ƙwarai. Ƙidayar 2021 ta samu mutum 870. Yana gaɓar yamma ta tekun Hudson, daidai inda kogin Churchill ke zuba, kimanin kilomita 1,000 arewa da inda kake zaune. Babu titin mota da ya haɗa shi da sauran Kanada. Ko dai ka hau jirgin sama daga Winnipeg, tafiyar awa biyu da ɗoriya, ko ka bi jirgin ƙasa na VIA Rail, kilomita 1,700, kwana biyu a hanya, ta The Pas da Thompson da Gillam. Masu mota sukan tuƙa zuwa Thompson su ajiye ta, su kwana a jirgin ƙasa su wayi gari a can. Da lokaci a hannu ni jirgin ƙasa nake zaɓa, ba don sauƙin kuɗi kaɗai ba. Kana zaune ta taga za ka ga gonakin alkama sun ƙare, daji ya shigo, sannan bishiyoyin su riƙa gajarta suna yin nisa da juna har su zama ’yan tsirarun sanduna masu rassa a gefe guda, saboda iskar arewa ta aske musu ɗaya gefen. Jirgin yana tafiya a hankali don an shimfiɗa dogon a kan ƙasa mai daskararren ciki wadda samanta ke narkewa da bazara. A 2017 ambaliya ta yanke layin, garin ya yi kusan shekara ɗaya da rabi ba jirgin ƙasa, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, sai ƙarshen 2018 aka gyara.

Bari in fara da beyar, tunda shi ya yi wa garin suna. Abin da ke tara su a nan yunwa ce. Abincinsu sil ne, wata dabbar ruwa mai kitse da ta ɗan yi kama da ayu, kuma ba sa iya kama ta sai a kan ƙanƙarar teku. Tekun Hudson kuwa yana narkewa ƙarƙaf da bazara. Wajen watan Yuli dole su fito tudu, su zauna wata huɗu ko fiye suna cin kitsen jikinsu, babba yana zubar da kusan kilo guda kowace rana. Idan sanyi ya dawo, gaɓar da ke kusa da Churchill tana cikin wuraren da ke fara daskarewa, domin ruwan kogi marar gishiri ya fi saurin ƙanƙara, iska da igiyar ruwa kuma suna turo ƙanƙarar su tara ta a wannan lungun. Beyar ɗin sun san haka. Shi ya sa daga tsakiyar Oktoba suke taruwa a bakin ruwa suna jira. Ranar da teku ya kama, cikin ’yan kwanaki za ka neme su ka rasa. Wanda ya sa tafiyarsa a ƙarshen Nuwamba yana iya isowa ya tarar an watse.

Ana kallonsu ne daga cikin wasu manyan motoci da aka ƙera don wannan aiki, waɗanda aka fi sani da Tundra Buggy, an fara yin su a garin tun 1979. Akwatin bas ne aka ɗora a kan tayoyi da suka kusa tsawon mutum, da murhu a ciki da baranda a baya. A fita da sassafe, a wuni ana rarrafe a kan tsoffin hanyoyin soja a yankin da gwamnatin Manitoba ta keɓe gabas da gari, a dawo da yamma. Kada ka sa ran abin da kake gani a bidiyo kowane minti. Beyar mai azumi ba ya ɓarnar ƙarfi. Yawancinsu kwance za ka same su a gindin ciyayi ko a kan tarin gansakukar teku, kuma ba fari fat suke ba, launin man shanu ne, har ka ɗauka dutse ne sai kunne ya motsa. Amma idan iska ta yi sanyi sosai mazan sukan tashi su yi kokawa, su miƙe a ƙafa biyu suna ture juna. Wani kuma ya taso ya zagaya motar, ya ɗora hannuwa a jikinta ya ɗago hanci yana shinshina. A lokacin za ka ga baƙin hancin a jiƙe, tururin numfashinsa yana tashi, ka ji ƙarar faratansa a jikin ƙarfe, kowa a motar ya yi tsit. Babban namiji yana kai kilo 500. Hannunka da igiyar kyamararka su tsaya a ciki.

Matsalar wannan lokaci ɗaya ce, kuɗi. Makonni shida ne kacal, duniya duka kuma ta yo ca a kan gari mai ’yan ɗakunan baƙi. Wuni ɗaya a motar ɗaruruwan daloli ne, shirin da ya haɗa jirgi da masauki da abinci kuwa dubbai, kuma mutane kan kama ɗaki tun shekara guda kafin lokaci. Idan beyar ne kaɗai burinka, to ka jinkirta, ka ƙara tari, ka je a makon ƙarshe na Oktoba ko farkon Nuwamba. Kuma ka sani abin yana raguwa. Ƙidayar da aka yi ta sama a 2016 ta ƙiyasta beyar 842 a yammacin tekun Hudson, ta 2021 ta samu 618, alhali a shekarun 1980 sun kai wajen 1,200. Lokacin da teku ke zama ba ƙanƙara ya ƙaru da kusan wata guda, wato azuminsu ya tsawaita, kuma mata masu goyo da ƙanana ne suka fi jin jiki.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe, ko da wane wata ka je. Churchill ba gidan zu ba ne, babu shinge tsakaninka da dabbar. Beyar yana shigowa har cikin gari, yana kwanciya a tsakanin duwatsun bakin teku da ke bayan ginin da ya haɗa makaranta da asibiti da laburare. Za ka ga alluna an kafa cewa kada a wuce nan da ƙafa. Ba ado ba ne. Dabbar da ke gudun kilomita 40 a awa ba a tsere mata, kuma tafiyarta ba ta da sauti. Kada ka fita kai kaɗai da dare, kada ka bi lungu, ka bi tsakiyar titi inda kake hango ko’ina, kada ka toshe kunnuwanka da waya. Mutanen gari sukan bar ƙofofin motocinsu ba kulle don wanda ya yi kiciɓis ya samu wurin faɗawa. Akwai jami’an gandun daji masu sintiri da layin waya na musamman dare da rana. Lambar tana manne ko’ina, ka adana ta tun a tasha. Idan ka ji harbi da dare, yawanci harsashin tsoratarwa ne suke kora da shi. Beyar da ya ƙi jin kora sai a kama shi a kai wani tsohon ginin soja kusa da filin jirgi, wanda kowa ke ce wa kurkukun beyar, mai ɗakuna 28. A tsare shi har zuwa kwana 30, ruwa kawai ake ba shi ba abinci, don kada ya saba cewa wurin mutane akwai ci, sannan a ɗauke shi a raga da jirgi mai saukar ungulu a kai shi arewa, ko a sake shi kan ƙanƙara idan teku ya daskare. Ba a shiga ciki, daga waje ake gani. Tsarin yana aiki: rabon da beyar ya kashe mutum a cikin garin tun 1983. Amma a 2013 wani ya raunata mutum biyu a tsakiyar gari, da asuba.

Beluga kuwa labarinsu daban ne, kuma ni a ganina su ne abin da ya fi cancantar kuɗin ɗalibi. Farare ne, tsawonsu mita uku zuwa huɗu da wani abu, a ruwa suke rayuwa amma iska suke shaƙa, suna haihuwa suna shayarwa. Yammacin tekun Hudson yana da sama da 50,000, kuma da zarar ƙanƙara ta fashe, wajen 3,000 sukan shigo bakin kogin Churchill inda ruwan ya fi ɗumi, da ’ya’yansu masu launin toka a manne da su. Ba sai ka yi sa’a ba, ko daga tudu kana hango fararen bayansu suna ɓullowa suna nutsewa. Ana fita ne da kwalekwalen roba mai inji ko ɗan kwalekwalen mutum ɗaya mai filafili, kuma cikar teku ce ke tsara lokacin fita, don haka kada ka yi mamaki idan yau an ce safe gobe an ce la’asar. Ka ɗauki ƙaramin idan ba ka tsoron ruwa. Su ne za su biyo ka. Sai ka ji an ɗan tunkuɗi kwalekwalen daga ƙasa, kumfa ta taso a gefenka, ka leƙa ka ga wani ya juya wuya yana kallonka da ido ɗaya. Ƙasusuwan wuyansu ba a haɗe suke ba, shi ya sa suke iya waiwaye. Direbobin sukan zura makirfo a ruwa, ka ji fito da ƙyasƙyas da wani kuka kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Da ana shiga ruwa a yi iyo da su, amma dokokin 2018 sun hana, kuma taɓa su ma laifi ne. Fitar awa biyu ko uku ba ta kai kuɗin wuni a motar beyar ba ko kusa.

A wannan lokacin ne kuma ake tsallaka kogi zuwa ganuwar Prince of Wales, galibi a tafiya ɗaya da kallon beluga. Kamfanin Hudson’s Bay na Ingila, mai fataucin fatu, shi ya fara gina ta da dutse a 1731, aka shafe shekara 40 ana aiki, aka jera igwa kusan 40. A 1782 jiragen yaƙin Faransa uku suka iso ƙarƙashin kwamandansu La Pérouse, gwamnan wurin Samuel Hearne ya duba mutanensa ba su kai 40 ba, ya miƙa wuya ba a harba ko ɗaya ba. Igwogin suna nan a kwance har yau. Ma’aikatan hukumar Parks Canada ne ke zagayawa da baƙi, da mai bindiga a kan katanga yana duban beyar. Can sama da kogi kaɗan, a Sloop Cove, akwai dutsen da Hearne ya sassaƙa sunansa a 1767. Tun kafin su duka, a 1619, wani ɗan Denmak mai suna Jens Munk ya yi hunturu a bakin kogin nan da mutum sama da 60, uku kaɗai suka koma gida.

Hasken arewa shi ne wanda mutane suka fi yin kuskure a kansa. Gaskiya ne garin yana ƙarƙashin zoben da hasken ke yawan fitowa, har ana cewa yana bayyana kusan dare 300 a shekara. Amma bayyana daban, gani daban. A Yuni da Yuli dare ba ya yin duhun kirki. A Oktoba da Nuwamba teku bai rufe ba, tururinsa yana haɗa hadari, sama a lulluɓe take yawancin darare. Masu zuwa kallon beyar da yawa sukan koma ba su gan shi ba. Sai teku ya daskare sama take washewa, shi ya sa Fabrairu da Maris. Farashinsa sanyi ne: awo 25 zuwa 30 ƙasa da sifiri abu ne na kullum, idan iska ta taso jiki ya ji kamar 40. Kai da ka san hunturun Winnipeg ba baƙo ba ne, sai dai a nan tsayuwa za ka yi wuri ɗaya tsakar dare, ba gudu daga bas zuwa aji ba. Batirin waya yana mutuwa cikin mintuna, ka sa shi a aljihun ciki. Ka duba kalanda ka guji tsakiyar watan Musulunci, don farin wata yana dushe shi. Kuma ka sani kyamara ta fi ido ganin launi. Sau da yawa da farko kamar wani siririn gajimare fari-fari za ka gani, sai ya yi ƙarfi koren ya fito, ya fara kaɗawa yana ninkewa daga wannan gefen sama zuwa wancan. Cibiyar bincike ta Churchill Northern Studies Centre, wadda aka kafa a 1976 a tsohon filin harba rokoki kilomita 23 daga gari, tana karɓar baƙi, kuma tana da ɗakin gilashi a saman gini inda ake kallo cikin ɗumi. Da rana a wannan lokaci sai hawan keken karnuka a daji.

To, ga tsakanin da na ce. Daga tsakiyar Agusta zuwa kusan ƙarshensa beluga ba su gama tafiya ba, duhun dare ya dawo yadda hasken zai iya fitowa, beyar kuma suna tudu, ana yawan hango ɗaya ko biyu daga kwalekwale suna kwance a kan duwatsu ko suna iyo. Beluga tabbas ne, sauran biyun rabo. Ba za ka ga beyar goma a wuni ba, kuma wanda za ka gani yana iya zama ɗigo fari daga nesa, don haka ka ari madubin hangen nesa. Sauron da ke addabar mutane a Yuli ya ragu, ko da yake ka tafi da magani da riga mai dogon hannu. Masauki ya fi samuwa, ya fi sauƙi. Idan ni ne kai, da mako guda da kuɗin ɗalibi, nan zan sa tafiyata.

Ban da waɗannan, wuni ɗaya ya isa ka zaga sauran. Gidan tarihi na Itsanitaq, wanda limaman Katolika suka kafa a 1944, ɗaki ɗaya ne amma cike da sassaƙen mutanen Inuit na dutse da haure da ƙashi, wasu kayan sun haura shekara 3,000. Kada ƙanƙantarsa ta sa ka raina shi. A tashar jirgin ƙasa akwai ɗakin baje kolin Parks Canada. Akwai Cape Merry, inda ake tsayawa a ga kogi da teku da ganuwa a lokaci guda. Akwai gawar wani jirgin saman kaya da ya faɗi kan duwatsu a 1979, suna ce masa Miss Piggy, da jirgin ruwan Ithaca da ya kafe a 1960, wanda ake takawa zuwa gare shi idan teku ya janye, da ɗan rakiya mai bindiga. Zanen bango da aka yi a 2017, shekarar da jirgin ƙasa ya yanke, yana warwatse a gine-gine ciki da wajen gari. Gandun Wapusk, inda matan beyar ke haƙa ramuka su haihu, ba a shigarsa haka kawai, sai ta hannun masu lasisi, kuma tsadarsa ta wuce maganarmu.

Idan ka samu ɗan rakiya ɗan asalin wurin, ɗauke shi. Fiye da rabin mutanen garin ’yan asalin ƙasar ne, Cree da Dene da Inuit da Métis, kuma akwai abin da ba ya cikin takardun talla. A 1956 gwamnati ta kwashe mutanen Sayisi Dene daga ƙasarsu ta zube su a gefen Churchill, bisa zargin suna ƙarar da namun daji. Talauci da sanyi da giya suka kashe da yawa daga cikinsu kafin waɗanda suka rage su koma daji su kafa gari a tafkin Tadoule a farkon shekarun 1970. Sai a 2016 gwamnatin Kanada ta nemi gafara. Ka saurara idan an ba ka labarin, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

Abinci yana da tsada tunda komai daga kudu ake kawo shi. Ka yi guzuri daga Winnipeg, musamman nama idan kana kiyaye yanka; a can kifi zai rufa maka asiri, ka nemi wanda suke ce wa char. Alƙibla tana arewa maso gabas. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, manhajojin waya kuma sukan ba da lokutan Isha da Asuba da suka saɓa wa juna, don haka ka tambayi limaminku a Winnipeg tsarin da za ka bi tun kafin ka tashi. Ko a Agusta ka ɗauki rigar sanyi da hula da safar hannu, iskar kan ruwa ba ta san bazara ba.

Wajen shiri, fara kama ɗaki, sannan tikiti, sannan fitar kwalekwale, kuma ka sa ta a ranarka ta farko don idan iska ta hana a samu ranar ramuwa. Jirgin ƙasa daga Winnipeg sau biyu yake tashi a mako, ka duba ranakun da kyau, domin kwana huɗu daga cikin bakwai ɗinka a hanya za su tafi. Idan aljihu zai ɗauka, ka je ta ƙasa ka dawo ta sama. Kowanne ka bi yana iya makara, jirgin ƙasa saboda dogo, na sama saboda hazo, don haka kada ka sa dawowarka a daren da gobe kake da jarrabawa. Allah Ya kai ka lafiya.